Sojan da Ya Ji Rauni Ɗan Wani Ne

Darasi don majinyata, masu jinya da ƙungiyoyin ikilisiya

Karatu kafin darasi: Luka 10:25-37, Luka 7:1-10, Matiyu 18:15-17

Me ya sa muke wannan darasi?

'Yan'uwa, tun watan Mayu na 2014, lokacin da Shugaba Paul Biya ya yi shelar yaƙi da Boko Haram, arewacin Kamaru bai koma yadda muka san shi ba. Sunayen Kolofata, Amchide, Fotokol, Kerawa da Darak sun shiga bakinmu ta hanyar labarin hari da na jana'iza. A watan Yuli na 2015 bama-bamai sun tashi a cikin garin Marwa kansa. Mu da ke Garwa da ƙauyukanta muna nesa da bakin daga, kilomita kamar 200 ne daga nan zuwa Marwa, amma yaƙin yana iso mu. Akwai sansanin sojan sama a Garwa, akwai asibitin soja, kuma 'ya'yanmu da ƙannenmu ne ke sanye da kakin.

Sojan da nakiya ta tashi da motarsa yakan bi hannu da yawa kafin ya koma gida: abokin aikinsa da ya ɗaure masa rauni a daji, ƙaramin asibiti a Mora ko Kuseri, ɗakin tiyata a Marwa ko Garwa, wani lokaci har Yawunde. A ƙarshe yakan dawo wurin uwarsa a ƙauye, ya riƙa zuwa ƙaramin asibiti irin namu don wankin miki. A kowane mataki akwai wanda zai iya ɗaga darajarsa, akwai kuma wanda zai iya taka ta. Darasin nan zai duba abubuwa huɗu: haƙƙin mai rauni, taimakon da za mu iya yi masa da hannunmu, yadda ake gyara ma'aikacin lafiya da ya kauce ko da yana cikin kaki, da kuma aikin gida da na ikilisiya bayan an sallamo shi.

Abin da na gani da idona

Wata rana na je gaida ɗan wata mata da muke sujada tare. Saurayi ne da bai kai shekara ashirin da biyar ba, an yanke masa ƙafa ƙasa da gwiwa. Ina zaune sai ma'aikacin jinya na soja ya shigo canza bandeji. Audugar ta bushe ta manne da nama. Bai jiƙa ta ba, bai ba da maganin rage zafi ba, ya kama ya fizge. Yaron ya yi ƙara. Ma'aikacin ya ce masa, "Kai ba soja ba ne? Ka rufe mana baki." Uwar tana tsaye riƙe da kwanon kunu, ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba. Daga baya ta gaya mini tsoro take yi kada ta yi magana a huce a kan ɗanta.

Na bari ya gama, na bi shi baranda inda ba kowa. Na ce, "Ƙanena, sannu da aiki. Mutum nawa ke hannunka yau?" Ya ce tun daren jiya shi kaɗai ne a ɗakin, ko runtsawa bai yi ba. Na ce masa ni ma aikin nan nake yi, na san gajiya. Sannan na ce, "Amma abin da na gani a gadon can bai yi kyau ba. Da ka jiƙa audugar da ruwan gishirin asibiti, ka ba shi magani rabin awa kafin ka fara, da aikin ya fi maka sauƙi. Maganar da ka faɗa masa a gaban uwarsa kuwa ta fi fizgar zafi." Ya ɓata rai, ya ce, "Mama, nan ba asibitinku ba ne." Na ce haka ne, na yi masa sai an jima.

Bai nemi gafarar kowa ba. Amma washegari uwar ta ce ya zo da ruwan gishiri, ya jira audugar ta saki, har ya kira yaron da sunansa. Ban ce kullum haka ake dacewa ba. Wata matsalar ba ta gyaruwa a baranda, sai an kai ta gaba, kuma za mu zo kan wannan.

Wulaƙanci ma yana hana warkewa

Wani zai ce, in dai an ba da magani, ina ruwan majinyaci da fara'a? Ga abin da ke faruwa a zahiri. Majinyacin da aka yi wa tsawa jiya ba zai faɗa yau cewa mikinsa ya fara wari ba. Wanda aka yi wa dariya don ya yi kuka zai ɓoye zafin da ke nuna cewa bandeji ko siminti ya matse har jini ba ya gudana. Wanda ya gaji da zagi zai sulale daga asibiti ya tafi wurin maɗori da buɗaɗɗen karaya, ya dawo bayan mako biyu ƙashi ya kama ruɓa. Likita ba ya ganin abin da ke cikin jiki sai majinyaci ya buɗe baki, majinyaci kuwa ba ya buɗe baki ga wanda yake tsoro. Shi ya sa magabata suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ma'aikatar lafiya ta ƙasa ma ta san da wannan: tun da Dokta Manaouda Malachie ya zama minista a watan Janairu na 2019, kula da majinyaci cikin mutunci na cikin abubuwan da ya fi nanatawa.

Dokar duniya ta ce me?

A ranar 24 ga Yuni 1859 an gwabza yaƙi a Solferino, a ƙasar Italiya. Wani ɗan kasuwa daga Jeneba, Henri Dunant, ya iso wurin ya tarar da dubban sojoji kwance ba mai ba su ko ruwa. Ya tara matan garin da ke kusa, suka yi jinyar kowa ba tare da tambayar ɓangaren da ya yi wa yaƙi ba. Daga nan aka kafa ƙungiyar Red Cross a 1863, aka sa hannu a Yarjejeniyar Jeneba ta farko a 1864. A ranar 12 ga Agusta 1949 aka sabunta ta, suka zama yarjejeniyoyi huɗu, kuma Kamaru na cikin ƙasashen da suka amince da su.

Sashe na 12 na yarjejeniya ta farko ya wajabta a girmama soja mai rauni ko mara lafiya, a kāre shi, a yi jinyarsa ba tare da bambancin ƙasa, launin fata, addini ko ra'ayin siyasa ba. Ya kuma nuna cewa tsananin ciwo ne kaɗai ke sa a fara duba wani kafin wani. Ma'ana, kurtun da jini ke zuba daga cinyarsa yana gaban kanar mai targaɗe. Sashe na 3, wanda yake cikin dukan yarjejeniyoyin huɗu, ya shafi yaƙi irin namu na cikin gida: duk wanda rauni ya fitar daga faɗa, a ɗauke shi a yi masa magani, ko daga wane ɓangare yake.

Littafi Mai Tsarki ya ce me?

Na san a cikinmu akwai waɗanda soja ya taɓa mara a shingen hanya, ko aka karɓe musu kuɗi, ko aka kama ɗansu aka daɗe ba labari. Ba na cewa ku manta, ba na kuma cewa wannan daidai ne. Laifi yana da wurin da ake kai ƙararsa. Amma gadon asibiti ba kotu ba ne.

Ku tuna da hafsan Romawa na Kafarnahum a cikin Luka sura 7. Sojan mulkin mallaka ne, daga rundunar da ta danne ƙasar, duk da haka da ya nemi taimako don bawansa, Yesu ya tashi ya nufi gidansa. A sura 10 kuma, Basamariyen bai tambayi wanda ke kwance a hanyar Yariko ƙabilarsa ko halinsa ba. Ya wanke raunin, ya ɗaure, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya biya kuɗin masauki, ya yi alkawarin dawowa. Duk aikin jinya yana cikin wannan labari: taimakon farko, ɗaukar majinyaci, biyan kuɗi, da bibiya. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san nauyin gaida mara lafiya, don haka wannan aiki ne da gari duka zai iya haɗa hannu a kai.

Idan kai ne ka fara isa wurin mai rauni

1. Ka duba lafiyarka tukuna. Inda nakiya ɗaya ta tashi ana iya samun ta biyu. Kada ka bar hanyar da aka riga aka taka, kada ka taɓa bindiga, harsashi ko wani ƙarfe da ba ka sani ba. A aika wani ya sanar da hukuma ko asibiti mafi kusa.

2. Ka yi sallama, ka faɗi sunanka, ka gaya masa abin da za ka yi. Mutumin da ya fito daga faɗa yana cikin firgita, kada ka taɓa shi ba zato.

3. Jini ne ke saurin kashewa. Ka naɗe tsumma mai tsabta, ka danna kan raunin da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. In ya jiƙe, ka ɗora wani a kai.

4. In jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma dannawa ta kasa tsai da shi, a yi ɗaurin da ma'aikatan asibiti ke kira garo. A samu ƙyalle mai faɗin yatsu uku, a ɗaura sama da raunin da kamar yatsu huɗu, ba a kan gwiwa ba. A cusa sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a ɗaure sandar. A rubuta lokacin, a faɗa wa ma'aikacin asibiti. Kada a yi da waya ko siririyar igiya, kada kuma a kwance shi a hanya. A yi ƙoƙari ya isa asibiti cikin awa biyu.

5. Kada a zare ƙarfe ko icen da ya nutse a jiki. A tallafe shi da tsumma ta gefe da gefe.

6. Kada a zuba toka, ƙasa, kashin shanu, garin taba ko man birki a rauni. Ta nan cutar sarƙe haƙora da ruɓewar nama ke shiga. A asibiti a tambaya ko an yi masa allurar rigakafinta.

7. Wanda ya ji rauni a ciki, ko wanda za a yi wa tiyata, kada a ba shi abinci ko ruwa. A jiƙa masa leɓe kawai.

8. A lulluɓe shi ko da rana ce, domin wanda ya zubar da jini jikinsa na saurin yin sanyi. In ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi a gefe. In ana zaton wuya ko gadon baya ya taɓu, a ɗauke shi a kan ƙyaure ko katako, kai da jiki a miƙe.

9. Kada ka ɗauki hotonsa. Uwaye da yawa sun fara ganin ɗansu cikin jini ne a WhatsApp ko Facebook kafin wani ya zo ya gaya musu.

Haƙƙin majinyaci a gadon asibiti

Soja yana ƙarƙashin umarni a bariki, amma a gado majinyaci ne kamar kowa. Yana da haƙƙi a kira shi da sunansa. A rufe masa jiki da labule ko zane lokacin wanka da wankin miki. A bayyana masa ciwonsa da harshen da yake ji, in Faransanci ya yi masa nauyi a nemi mai fassara da Fillanci ko Hausa. A nemi yardarsa kafin tiyata, sai fa in ba ya cikin hayyacinsa kuma jira zai kashe shi. A rage masa zafi, domin jin zafi ba ragwanci ba ne. A riƙe sirrinsa, kada ciwonsa ya zama abin hira a mashaya. Duk kuɗin da za a biya a biya a wurin karɓar kuɗi, a karɓi rasit.

Abubuwan da ba aikin jinya ba ne su ne: zagi, duka, ba'a, neman na goro kafin a taɓa majinyaci, sayar da maganin asibiti daga aljihu, zuwa aiki a buge, barin mai ciwo cikin fitsari, fifita mai igiya a kan wanda ya fi shi jin jiki, da nuna bambanci don ƙabila ko addini. Kaki ba ya halatta ko ɗaya daga cikinsu.

Yadda ake gyara ma'aikacin da ya kauce

Mu fara da adalci. Yawancin ma'aikatan lafiya na soja suna aiki mai nauyi. Sukan karɓi mutum goma a lokaci ɗaya, wasu abokansu ne da suka ci abinci tare jiya. Mai gajiya yakan yi kaushi. Wannan dalili ne na yi masa magana da tausayi, amma bai zama dalilin yin shiru ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Matiyu sura 18 ta ba mu tsani mai hawa uku, kuma yana aiki a asibiti.

Hawa na farko: kai da shi kaɗai. Ka zaɓi lokacin da ba ya tsakiyar aiki, nesa da majinyata da manyansa. Ka gaishe shi da girmamawa. Ka faɗi abin da ka gani da lokacin da ya faru, kada ka yi masa hukunci a kan halinsa. "Ranka ya daɗe, tun safe yaron nan ke jiƙe da fitsari" ta fi "ku ba ku da imani" amfani. Sannan ka faɗi abin da kake roƙo.

Hawa na biyu: da shaida. In bai canza ba, ka tafi da mutum ɗaya ko biyu, kamar fasto, liman, dattijon dangi ko wani ma'aikacin lafiya, ku ga shugaban ɗakin, wanda muke kira majo. Ku riƙe rana, lokaci, abin da aka faɗa da wanda ya gani. In ba ka iya rubutu ba, ɗan makaranta ya rubuta maka.

Hawa na uku: shugabanni. Ku nemi ganin babban likitan asibitin, ku miƙa takarda, ku riƙe kwafi. Soja kuma yana iya bi ta hannun kwamandansa. In cin hanci ne, hukumar CONAC tana karɓar ƙara. In tauye haƙƙi ne, akwai Hukumar Kāre Haƙƙin Ɗan Adam ta Kamaru. Likitoci da ma'aikatan jinya kuma suna da majalisun sana'arsu masu ladabtar da membobinsu.

Abu biyu za a kiyaye. Na farko, in rai na cikin haɗari, misali jini ya ɓalle ko numfashi ya sarƙe kuma ba wanda ya kula, kada ka tsaya bin tsani, ka ɗaga murya ka kira duk wanda ke kusa. Haka kuma duka ko lalata da majinyaci, kai tsaye ake kai su wurin shugabanni. Na biyu, kada ka ƙara gishiri, kada ka yi zagi, kada ka watsa sunan mutum a waya. Magana zarar bunu ce. Ƙarya guda ɗaya tana rushe ƙarar gaskiya, ta kuma bar majinyacinka cikin wahala.

Ga 'yan'uwana ma'aikata, na soja da na farar hula: in abokin aikinka ya yi kuskure a gabanka kuma ka kau da kai, kai ma ka sa hannu. In kai aka yi wa gyara, ko daga bakin tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, ka saurara. Ita ce ke kwana a gindin gadon. Ni ma an taɓa yi mini gyara, ya yi ɗaci, amma majinyatana sun amfana.

Bayan ya dawo gida

Sallama daga asibiti rabin tafiya ce. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi kowace awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa miki. In an ga zazzaɓi, mugunya, wari, kumburi ko ja yana yaɗuwa, a kawo shi ranar, kada a jira ranar kasuwa. A ba shi wake, gyaɗa, ƙwai, kifi da ganye, da su jiki ke gina sabon nama.

Wanda aka yanke wa ƙafa yakan ji zafi ko ƙaiƙayi a ƙafar da babu ita. Ba aljanu ba ne, ba hauka ba ne. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne ba su saba da rashin ba tukuna, kuma akwai taimako a asibiti.

Akwai kuma raunin da ido ba ya gani: mugun mafarki, zabura in ƙofa ta bugu, saurin fushi, guje wa mutane. In ya wuce wata guda, ko ya fara maganar ya gaji da rayuwa, a kawo shi ba tare da jinkiri ba, kada kuma a bar shi shi kaɗai. A lura da tiramol da giya, domin da yawa sukan fara da neman barci su ƙare da kamu. In fushinsa ya kai ga dukan mata ko yara, a nemi taimako, ɓoyewa ba ƙauna ba ce. Kada a matsa masa ya ba da labarin yaƙi, kada a tambaye shi mutum nawa ya kashe. In ya so magana, a saurara.

Dangi su adana duk takardun asibiti da na aiki a wuri ɗaya, domin da su ake neman haƙƙi a wurin rundunar da kuma ofishin tsofaffin sojoji, ONACAM. Ikilisiya kuma ta yi abin da take iyawa: zumuntar mata ta kai abinci, matasa su taya noma, a gyara matakalar ɗakin sujada don mai sanda ya shiga, a ba shi aikin da zai riƙe. Mutumin da ya saba a dogara da shi ba ya son zama abin tausayi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ka taɓa yin shiru a asibiti don tsoro? Me ya biyo baya?
2. Wane ne a ƙauyenmu ya dawo da rauni, soja ko ɗan banga ko farar hula, kuma yaushe rabonmu da gidansa?
3. In aka kawo mana mai rauni daga ɓangaren da ya cuce mu, me za mu yi?
4. Su wane ne mutum biyu da za mu zaɓa su riƙa raka iyalai wurin majo ko babban likita?

Addu'a

Ya Ubangiji, ka dubi waɗanda ke kwance da rauni a Garwa, Marwa, Mora da gidajen ƙauyukanmu. Ka ƙarfafa hannuwan da ke jinyarsu, ka tausasa harshensu. Ka ba mu zuciyar faɗin gaskiya cikin ladabi, da tawali'un karɓar gyara. Ka kawo salama a ƙasarmu. Cikin sunan Yesu. Amin.